Yadda zaka haɗa makunnin haske da hannunka, ka auna shi, kafin ka taɓa na faiba ko na kamara

Duk wata na'ura da ake ba wa wutar lantarki don ta tare haske, ko ta sake shi, ko ta karkata shi wani gefe, tun daga gilashin hular walda mai yin duhu da kansa har zuwa akwatin da ke rarraba kalolin haske a layin faiba na intanet, makunnin haske ce, kuma tambaya uku ake yi mata: in ta buɗe haske nawa take bari ya wuce, in ta rufe nawa ne ke zurarewa, sannan wane lokaci take ɗauka daga buɗewa zuwa rufewa da kuma dawowa. Wanda ya taɓa auna waɗannan ukun da hannunsa ko da a kan ɗan ƙaramin gilashi ne, to ba mai sayar masa da kaya da daɗin baki, kuma takardar bayanin kaya ba zata ƙara rikita shi ba. Shi yasa nake so ɗan'uwa ka fara da wanda zaka iya haɗawa a kan tebur, wato gilashin ruwan kiristal, irin wanda ke cikin sikirin ɗin kalkuleta.

Ka fara sanin abin da ke ciki, don in baka sani ba zaka lalata shi. Gilashi ne guda biyu aka manna, tsakaninsu tazara ce 'yar mitsitsiya ta wasu maikuromita kaɗan, siririya sosai fiye da silin gashi, a ciki aka zuba ruwan. Fuskar kowane gilashi ta ciki an shafa mata wani sinadari da ake kira ITO wanda wuta ke bi ta cikinsa amma ido baya ganinsa. Ruwan kuwa ƙwayoyinsa dogaye ne sirara, suna jeruwa gefe da gefe kamar ashana a cikin akwatinta, sai dai suna iya zamewa da juyawa. An goge fuskar gilashin sama ta wani ɓangare, ta ƙasa kuma ta gicciye, don haka ƙwayoyin suna murɗawa digiri 90 daga sama zuwa ƙasa. A waje kuma an liƙa leda biyu masu tace haske, folaraiza kenan, kowace hasken da ke kaɗawa ta ɓangare ɗaya kawai take bari ya wuce, su ma a gicciye suke. In babu wuta, hasken da ya shiga ta ledar farko yana bin murɗar nan ya juya digiri 90 ya samu ledar baya ta dace da shi ya fita, kaga gilashi garau. Da ka sa wuta sai ƙwayoyin su miƙe tsaye, murɗa ta warware, haske ya iso ledar baya bai juya ba, ta tare shi, gilashi yayi baƙi. Wannan dabarar Martin Schadt da Wolfgang Helfrich ne suka yi mata rajista a 1970 suna aiki a kamfanin Hoffmann-La Roche a Siwizalan, James Fergason ma ya kai gareta a Amurka kusan lokaci ɗaya, shi kuwa ruwan kansa tun 1888 wani masanin tsirrai Friedrich Reinitzer ya ci karo da shi, da ya ga wani sinadari yana narkewa sau biyu, farko ya zama ruwa mai gurɓi sannan da aka ƙara zafi ya washe.

Abin lura a nan, ruwan baya tare haske ko kaɗan, juya shi kawai yake yi. Ledojin ne ke tarewa. Ka riƙe wannan, zai dawo mana a maganar faiba.

Kayan aiki ba su da yawa. Gilashin da yafi daɗin aiki shine wanda bashi da rubutu, fili ɗaya ne mai waya biyu, irin wanda ake cirowa daga tsohon tabarau na kallon talabijin mai 3D wanda ke amfani da batir, ko wanda ake sayar wa masu koyon haɗa na'urori. Na kalkuleta ma yana yi amma da wahala, don bayansa akwai takarda mai ƙyalli da sai ka ɓare, kuma sau da yawa tana tahowa tare da ledar folaraiza ta baya sai ka nemi wata ka maye, ga shi bashi da waya, wata roba ce mai layi-layi ke kai masa wuta. Sai Arduino Uno, wato ɗan allon kwamfuta da ake rubuta wa umarni, da ɗan ƙwan LED ja ko kore, da fotodayod BPW34 mai mayar da haske wutar da ake aunawa, da rizista biyu ko uku, da fotenshomita mai 10k irin ta murɗa sautin rediyo, da maltimita, da ɗan bututu baƙi ko kwali da zaka naɗe. Kada ka sa LDR, rizistar nan mai canjawa da haske, a madadin fotodayod, ita kanta tana ɗaukar gomman milisakan kafin ta amsa, zaka zauna kana auna jinkirinta kana zaton na gilashin ne.

Kafin ka jona komai ka ɗan yi wasa da shi a hannu. Kunna farin shafi a sikirin ɗin kwamfuta mai LCD, ɗora gilashin a gaba ka riƙa juya shi a hankali, zaka ga yana haske yana duhu sau biyu a kowane zagaye, saboda hasken sikirin ɗin ma tatacce ne. A digiri 45 rabin hasken ne ke wucewa, wannan ita ce dokar da Malus ya gano tun farkon ƙarni na 19. In na kalkuleta ne ka goga yatsa a riga ka taɓa gefen da layukan ITO suka fito, zaka ga wasu lambobin sun yi baƙi na ɗan lokaci sannan su dushe, wutar jikinka kaɗai ta isa, wanda ke nuna maka kusan baya shan wuta, cajin da aka ɗora masa yake riƙewa.

Yanzu ga wurin da mafi yawan masu koyo ke kashe gilashinsu: batir. Kana jona masa batir zai yi baƙi, ka ji daɗi, ka bar shi haka. Amma wutar DC mai tafiya gefe ɗaya tana jan ƙazantar da ke da caji a cikin ruwan ta tara ta a jikin gilashi ɗaya, a hankali baƙin ya rage ƙarfi, ya fara barin tabo da inuwar da bata gogewa, in aka daɗe ruwan da ITO ɗin su lalace, kuma babu gyara. Taɓawa na sakan ɗaya don ka ga yana aiki ba komai, amma aiki na gaske sai da wuta mai juyawa, wadda lokacin da ta yi tana gaba daidai yake da wanda ta yi tana baya. Su ƙwayoyin ba ruwansu da ina ne fosit ina ne negatif, ƙarfin wutar kawai suke ji.

Yadda zaka yi da Arduino mai sauƙi ne. Ɗauki ƙafa biyu, a ce ta 8 da ta 9, kowace waya ta gilashin a ƙafa ɗaya, kada ko ɗaya ta je ƙafar GND ta Arduino. Ka sa ta 8 sama, wato bolt 5, ta 9 ƙasa, wato sifili, ka jira rabin milisakan, ka musanya, ka sake jira daidai wannan lokacin, haka dai ba tsayawa. Gilashin zai riƙa ganin bolt 5 gaba bolt 5 baya sau dubu a sakan. Daga 100 Hz zuwa 2 kHz duk yana yi, in ka sauka ƙasa sosai zaka ga yana ƙyafta ido, in ka hau sama sosai wuta kawai kake ɓarnatarwa. In zaka kashe, kada ka zare waya ka bar shi a rataye, ka sa ƙafafun biyu duka ƙasa don cajin ya zube, in ba haka ba zai daɗe yana jan ƙafa kafin ya washe kuma awon lokacinka zai fito ƙarya. Sannan ka ɗauko maltimita ka sa ta a DC ka ɗora a wayoyin biyu yana cikin aiki, ya kamata ka ga kusan sifili. In ka ga wani abu mai kauri to lokutan biyu basu daidaita ba, koma ka gyara, ko ka sa ɗan kafasita a jere da gilashin ya tare maka DC ɗin.

Don ka ga tsaka-tsaki, jona gefe biyu na fotenshomita a ƙafa ta 8 da ta 9, gilashin kuma tsakanin ƙafarta ta tsakiya da ta 9. Murɗa a hankali. Da farko ba abin da zai faru, shiru, har sai ka kai wajen bolt ɗaya zuwa biyu sannan ya fara dusashewa, daga nan ya yi duhu da sauri, can gaba kuma ƙarin wuta ya daina ƙara komai. Wannan shirun na farko ba matsala bane, ƙwayoyin na riƙe da matsayinsu ne har sai wuta ta fi ƙarfin riƙon. Ka rubuta bolt nawa ya fara da kuma nawa ya ƙoshi. Tsakanin nan ne ake samun abin rage haske da ake sarrafawa da wuta, irin wanda Sony ta sa a kamararta ta bidiyo FS5 a 2015, inda mai ɗauka ke rage haske sannu a hankali ba tare da ya taɓa buɗewar lens ba.

To awo. Sa LED a bakin bututu ɗaya, fotodayod a ɗaya bakin, ka yanka tsaga a tsakiya inda gilashin zai shiga ya fita. LED ɗin ka bashi wuta tsayayya ta rizista, kada ka yi amfani da ƙwan ɗaki don yana ƙyaftawa sau 100 ko 120 a sakan ido ne kawai baya gani. Fotodayod kuwa a juye ake jona shi, katod zuwa bolt 5, anod zuwa ƙafar A0 ta Arduino, daga A0 rizista zuwa GND, ka fara da 10k in karatu yayi ƙasa ka ƙara. Arduino na karantawa daga 0 zuwa 1023, ka daidaita yadda in babu gilashi zai tsaya wajen 900, don in ya buge rufi duk lissafinka ya rushe. Karatu huɗu zaka ɗauka: LED a kashe, LED a kunne babu gilashi, da gilashi a buɗe, da gilashi a rufe. Na farkon ka cire shi daga sauran ukun, mutane na raina wannan matakin alhali shi ke yanke hukunci a karatun rufewa, inda lambobin ƙanana ne.

A ce misali ka samu 4, da 900, da 360, da 13. Bayan cirewa kana da 896, da 356, da 9. A buɗe kusan kashi 40 cikin ɗari ne ya wuce, kada ka ce gilashinka ya lalace, ledar farko kaɗai tana zubar da aƙalla rabin hasken da ba a tace ba, babu makawa. Tsakanin buɗe da rufe kuma 356 a raba da 9, kusan 40. Mutanen faiba da dB suke magana, gara ka saba tun yanzu: 3 dB rabi kenan, 10 dB ɗaya cikin goma, 20 dB ɗaya cikin ɗari, 30 dB ɗaya cikin dubu. A yarensu wannan gilashin na misali yana da asarar 4 dB a buɗe, rufewarsa kuma 16 dB. Na kamara zai iya haƙuri da haka a wasu ayyukan, na sadarwa ba zai ko kalle shi ba.

Kafin ka tashi daga nan ka yi gwaji biyu da nake ganin sun fi kowanne koyarwa. Na ɗaya, ka karkata gilashin kaɗan a cikin tsagar yana rufe, hagu, dama, sama, ƙasa, zaka ga karatun ya tashi kuma ba daidai yake tashi a kowane ɓangare ba. Lens mai faɗin baki haske na shigo masa ta kusurwa da yawa lokaci guda, don haka lambar da aka rubuta a takarda wadda aka auna da haske miƙaƙƙe ba ita zaka samu a hoto ba. Na biyu, cire LED ka haska rimot ɗin talabijin ta cikin gilashin yana baƙi ƙirin, ka duba fotodayod ko ka leƙa da kamarar waya. Hasken rimot infrared ne wanda ido baya gani, wajen nanomita 940 yake, kuma ledar folaraiza ta yau da kullum bata iya tare shi sosai, zaka ga yana ratsawa. Abin da ya rufe wa idonka bai rufe wa kowane haske ba. Shi yasa gilashin hular walda ke da wani matacin daban na dindindin mai tare hasken UV da infrared ko batir ya mutu, kuma shi yasa don Allah kada ka taɓa kallon rana ko walda ko lesa ta cikin wannan abin da ka haɗa.

Saura lokaci. In kana da osiloskop, na'urar da ke zana canjin wuta a sikirin, shikenan, ɗora shi a A0. In babu, Arduino ma zai yi: kowane analogRead, wato karatu ɗaya na A0, yana cin kusan maikurosakan 100, ka tara karatu 500 a ajiye tukuna sannan ka turo su kwamfuta, ka samu hoton kusan milisakan 50, kana musanya ƙafafun nan biyu bayan kowane karatu biyar. Ana auna daga kashi 10 zuwa kashi 90 na canjin. Ka auna kunnawa daban, kashewa daban, zaka tarar ba ɗaya bane. Kunnawa wuta ce ke tura ƙwayoyin, ka ƙara bolt su ƙara sauri. Kashewa kuwa ba mai tura su, da kansu suke komawa ta cikin ruwa mai ɗanko, ba abin da zaka yi daga waje. Kaurin tazarar nan shi ke mulki, in aka rage ta rabi komawar na yin sauri kusan ninki huɗu. Sanyi kuma na ƙara ɗanko, sa gilashin a wuri mai sanyi na ɗan lokaci, goge raɓar, ka sake aunawa ka gani. Zafi kam kada ka gwada, in ya wuce wani mizani ruwan na zama ruwa kawai ya daina juya haske, ledojin ma na lalacewa. Duk takardar kaya da ta baka lambar sauri ɗaya tak, ka tambaya ta kunnawa ce ko ta kashewa, kuma a wane zafi aka auna.

Yanzu kana da milisakan a hannu, mu shiga faiba. A can aiki biyu ne daban waɗanda ake yawan cakuɗa su. Akwai rubuta saƙo a kan haske, akwai kuma zaɓa wa haske hanya. Layi mai gigabit 10 a sakan kowane bit ɗinsa fikosakan 100 ne, kashi ɗaya cikin biliyan goma na sakan, wato kafin gilashinka ya gama juyi ɗaya na milisakan 10, bit miliyan 100 sun wuce. Don haka ruwan kiristal baya rubuta saƙo. Wannan aikin na dutsen litiyam nayobet ne da ire-irensa, inda ba wata ƙwaya da ke motsi, wuta ce ke canja saurin haske a cikin dutsen nan take, abin da Friedrich Pockels ya bayyana a 1893. Ana raba hasken lesa gida biyu a siraran hanyoyi, a jinkirta ɗaya da 'yan bolt kaɗan, a sake haɗa su, in sun dace haske ya fita, in sun saɓa su kashe juna, sau biliyoyi a sakan. A irin wannan na'ura, modileta ake ce mata, lambar da zaka fara nema ita ce bolt nawa ake buƙata daga cikakken haske zuwa duhu, sannan ka sani matsayinta na zamewa da zafi da daɗewa, dole a haɗa ta da da'irar da ke gyara mata zama kullum.

Zaɓar hanya kuwa milisakan ya wadatar, tsohuwar ƙa'idar layukan sadarwa na SDH ma milisakan 50 ta bayar a koma layin ko-ta-kwana in babban ya yanke. Nan ne ƙananan madubai masu motsi da ake kira MEMS da ruwan kiristal ke cin kasuwarsu. Madubi baya damuwa da kalar haske ko saurin saƙon da ke kansa, juya shi kawai yake, shi yasa Google ke amfani da makunnan madubi a cibiyoyin ajiye bayananta. In kuma kala-kala ake so a raba, a zangon C, daga nanomita 1530 zuwa 1565, ana jera tashoshi 80 ko fiye a waya ɗaya in tazararsu 50 GHz ce, sai a baza su gefe da gefe a kan wani ƙaramin allo na ruwan kiristal da ke kan silikon, LCoS, kowace kala ta faɗa nata yankin, a zana mata tsarin da zai karkata ta zuwa wayar da ake so. Ka tuna nace ruwan juya haske kawai yake ba tarewa ba, kuma yana son haske tatacce ta ɓangare ɗaya? To hasken da ke fitowa daga faiba juyinsa na canjawa ko da taɓa wayar aka yi, kuma ba wanda zai yarda ya zubar da rabi da leda kamar yadda ka yi a tebur. Sai a raba shi biyu da wani dutse, a juya ɗaya ya dace da ɗan'uwansa, a bi da su tare, a sake haɗewa. Ragowar bambancin da ya saura shi ake rubutawa PDL a takarda, kuma ƙarami ake so, ɗan ɓangaren dB ɗaya.

Gwada makunnin faiba kusan maimaita abin da ka yi ne da bututu. Kana buƙatar mafitar haske da mitar auna ƙarfinsa. Ka fara jona su kai tsaye ka sa wannan ya zama sifili, sannan ka saka makunnin a tsakani, ka karanta hanyar da aka buɗe, ka karanta wadda aka ce an rufe, ka canja ka dawo sau da yawa ka ga ko yana komawa lamba ɗaya. Ka yi da hasken nanomita 1310 ka yi da na 1550, ba lallai su zo ɗaya ba. Ka ɗan lanƙwasa wayar shiga a hankali kana kallon mita, in tana rawa sosai to PDL ne ke magana. Kafin duk wannan ka goge bakin kowace mahaɗa, tsakiyar faiba da haske ke bi maikuromita 9 ne kacal, ƙura ɗaya ta isa ta ci maka dB ka ɗora wa makunni laifi. Kada ka haɗa koriyar mahaɗa da shuɗiya, koriyar bakinta a karkace yake digiri 8, shuɗiyar a miƙe, zasu ɓata juna. Ka kuma tambaya in wuta ta ɗauke ina makunnin ke tsayawa, akwai mai zama inda aka bar shi, akwai mai komawa asalinsa, a layin ko-ta-kwana wannan ba ƙaramar magana bace. Sannan ɗan'uwa kada ka leƙa bakin faiba da ido, hasken 1550 baya ganuwa, idonka ba zai ƙyafta ya kare kansa ba.

A ɓangaren hoto, wanda ya fi jan hankalina shine lens na ruwa, don ba buɗewa da rufewa yake ba, saiti yake canjawa. Iri ɗaya Bruno Berge ne ya ƙirƙiro shi a Faransa, kamfaninsa Varioptic wanda daga baya Corning ta saya: ɗigon mai da ruwa mai gishiri ne a rufe wuri guda, nauyinsu ɗaya don kada jijjiga ko juyi ya karkata su, in aka sa wuta sai lanƙwasar da ke tsakaninsu ta canja. Gomman bolt yake so, kuma shi ma mai juyawa, don haka sai da ɗan cif ɗinsa na musamman, Arduino kai tsaye ba zai motsa shi ba. Ɗaya irin kuma, kamar na Optotune, ruwa ne a bayan wata fata mai laushi da naɗin waya ke matsawa, shi da yawan wutar da ke ratsawa ake tuƙa shi ba da bolt ba, kuma in ya ɗumama saitinsa na zamewa, in kuma an kwantar da kamara tana kallon gaba nauyin ruwan na ɗan sa fatar ta yi ciki ta ƙasa, hoton ya ɗan ja wutsiya. Gwajinsu: shimfiɗa rula a karkace gaban kamara, ƙara wutar mataki-mataki kana rubuta lambar da ta fito tangaran, sannan ka sauko ta matakan nan dai ka ga ko ya dawo kan lambobin farko, ka maimaita bayan kamarar ta yi aiki ta ɗau zafi. Da haka zaka haɗa naka teburin saiti.

Gilashin taga mai yin fari kamar hazo, PDLC, watsa haske yake ba tarewa ba, a kashe yake hazo a kunne ya washe, bai dace a gaban lens ba. Mai yin duhu a hankali irin na tagogin jirgin Boeing 787 sinadari ne ke canja kala, shi da DC yake aiki kuma sakanni masu yawa yake ɗauka. Allon ƙananan madubai na furojekta, DMD, wanda Larry Hornbeck ya ƙirƙiro a Texas Instruments a 1987, kowane madubi gefe biyu kawai yake da shi, yawanci digiri 12 nan ko can, cikin maikurosakan, in ana son toka-toka sai a yi wasa da tsawon lokacin da yake kallon kowane gefe. Wanda zan ja maka kunne a kai shine akwatin Pockels, makunnin haske na dutse da ake sa wa manyan lesa, shi dubban bolt yake aiki da su kuma kafasitocinsa na riƙe caji bayan an kashe, kada ka buɗe shi sai tare da wanda ya san aikin kuma ya sauke cajin a gabanka.